Yadda na yi ta yanke yaɗon kabewa har na samu guda ɗaya mai kilo 131

Ranar da Kawu ya same ni a lambu riƙe da reza ina cire reshen kabewa lafiyayye, kore shar har da ɗan fure a jikinsa, tsayawa ya yi a bakin zana ya ƙi shigowa. Ya ce "kai ɗana lafiya kuwa? Abu Allah ya ba shi rai kana bin sa kana yankewa?" Na ce Kawu wallahi lafiya lau, ita wannan irin haka take so. Ya ce shi dai tun tasowarsa kabewa a bayan ɗaki ake jefa ta ko a gefen gonar dawa, ta hau danga ta hau rufi ta zuba 'ya'yanta babu wanda ya taɓa nuna mata hanya. Kuma gaskiyarsa ne fa, kabewarmu ta gida haka take, ni ma a haka na san ta, shi ya sa shekarar farko na yi asara.

Lambunmu yana ƙasan dam ɗin Dadin Kowa ne a Yamaltu/Deba, albasa da tumatur da tattasai muke yi, mu kai Kwadon ko cikin Gombe. Ita wannan kabewar ɗan yayata da ke karatu a Ingila ne ya zo min da irinta guda biyar a 'yar takarda, saboda ya san yadda nake da son gwada sabon iri. Sunanta Atlantic Giant, wani manomi ne a garin Windsor na yankin Nova Scotia a Kanada mai suna Howard Dill ya yi shekaru yana zaɓen iri daga mafi girma zuwa mafi girma har ya fitar da ita, kuma duk manyan kabewan nan da ake gasa da su a Turai da Amurka daga jininta suke. Ƙwayar irin ma kanta ta kusa kai babban yatsa faɗi, ɓawonta da kauri.

Abu ɗaya da na yi daidai tun farko shi ne lokaci. Su can da bazararsu suke shuka ta, to amma bazararsu ai ba irin tamu ba ce, ta fi kama da farkon hunturunmu. Furenta ba ya son zafi ko kaɗan, in rana ta yi tsanani sai ɗan ya yi rawaya ya faɗi tun yana kamar ƙwai. Mu kuwa nan Maris da Afrilu kowa ya san yadda gari ke zama. Da damina kuma ganye ruɓewa yake. Don haka na lissafa in shuka ƙarshen Oktoba, fure ya zo a Disamba cikin sanyi, in cire kafin zafi ya kankama.

Shekarar 2022 na shuka biyu, ɗaya ta fito. Na zuba mata taki kamar ba gobe, na ba ta ruwa, na bar ta ta yi yadda take so. Cikin wata biyu wajen ya zama kurmi, yaɗo kan yaɗo, ba ka ma sanin ina uwar take ina reshe, in za ka shiga sai ka taka wani abu ya karye. Ta ɗauki 'ya'ya shida na ji daɗi na bar su duka, sai daga baya na gane cewa ƙarfin rabuwa yake shida na cire biyar, amma lokaci ya riga ya tafi. Wadda na bari ɗin ma ta yi ƙoƙari, ta kai girman babban daro. Sai wata safiya na zo na ɗaga ganye na ga wuyanta, wato inda ta haɗu da yaɗo, ya tsage tsawon yatsa, wani ruwa mai yauƙi yana fita ƙudaje sun taru. Abin da ya faru shi ne ita tana kumbura kafaɗunta suna tura yaɗon gaba kuma tana ɗagowa sama, shi kuma yaɗon ya kafa saiwa a ƙasa daram ba ya motsi, to wani abu dole ya saki, wuyan ne ya saki. Kwana huɗu ta ruɓe daga ciki. Na daɗe tsugune a wajen ranar, raina ya ɓaci sosai, don na ga ba ciwo ba ne ba ƙwari ba ne, rashin shiri ne tun tana ƙarama.

Da Oktoban 2023 ya zo saura ƙwaya uku a hannuna. A watan ne ma labari ya bazu a intanet cewa wani Ba'amurke ɗan jihar Minnesota, Travis Gienger, ya auna tasa a Kalifoniya ta kai kilo 1,247. Ni ba can nake hange ba, burina dai in wuce kilo 100 a ƙasar Gombe. Na ware fili mita 8 da mita 9 saboda tushe ɗaya tal, ƙanina har ya ce Yaya wannan filin albasa buhu nawa ke nan ka sani kuwa, na ce na sani. Na zuba ruɓaɓɓen kashin shanu da na kaji wanda ya kwana biyu, na kafce ko'ina ba wajen ramin kaɗai ba, tunda yanzu na fahimci duk filin nan saiwa za ta ci. Gefen ƙwayar na ɗan goge shi da fayel ɗin yanke farce ban taɓa bakin mai tsini ba, na jiƙa na 'yan awoyi, na shuka a leda. Biyu suka fito na zaɓi mai ƙarfin.

Ga wani ɗan abu da ba kowa ke lura da shi ba. Bayan ganyen nan biyu na farko masu kama da kunne, ganye na gaske na farko in ya fito ya kalli wani gefe, to uwar yaɗon akasarin lokaci ɗaya gefen za ta kwanta. Don haka wajen dasawa sai na juya ledar yadda ganyen zai kalli arewa maso gabas, ita kuma ta nufi kudu maso yamma. Dalilina iskar hunturu, daga arewa maso gabas take bugowa, in yaɗo ya gitta mata tana iya kifar da shi ta murɗe, amma in suna tafiya hanya ɗaya sai ta bi ta bayansa ta wuce. Na ƙara da kafa zana a wannan gefen, ita ta tare iska ita ta tare awaki.

Ni yadda na raba su a kaina don kar in rikice: akwai uwa, akwai 'ya'ya, akwai jikoki. Uwa ita ce babban yaɗon da ya fito daga tushe, miƙe nake so ta tafi ta tsakiyar fili. A kowace gaɓa, wato inda ganye ya fito, reshe yana ɓullowa, wannan hagu na gaba dama, su ne 'ya'ya, su kuma ina kwantar da su su yi gefe kamar haƙarƙari a jikin ƙashin baya, kowane da layinsa babu mai hawa kan wani. Sai kuma su 'ya'yan su ma a kowace gaɓa tasu suna fitar da nasu reshen, su ne jikoki. Jikoki babu wanda ake bari, ko ɗaya. Su ne suka mayar min da wajen kurmi a shekarar farko, suna cin abinci suna yin ganyen da ke rufe ɗan'uwansa, iska ba ta shiga, kuma ba sa ƙara wa kabewar komai.

Kwantar da uwar da farko shi ne ya fi ba ni tsoro. In ta kai kamar kamu biyu tana tsaye ne a sama tana lilo, ba ta taɓa ƙasa ba, in ka danna ta da ƙarfi sai ta tsage daga tushe shikenan an gama. Na tara mata 'yar ƙasa a ƙarƙashi kamar matashi, na gicciya kara biyu a samanta, kullum in ɗan sassauko da su kaɗan, kwana biyar kafin ta kwanta da kanta. Kuma duk wani lanƙwasa ko juyawa da la'asar ake yi, lokacin da rana ta dake ta jikinta ya yi laushi. Da safe cike take da ruwa, tauri gare ta kamar ɗanyen rake, ƙas za ka ji. Na karya reshe ɗaya da safe a satin farko ban ƙara ba.

Karan dawa da na fara amfani da shi wajen tokare su kuwa gara ya jawo min, kwana kaɗan na ga ta yi gini a jikinsa tana neman yaɗon. Na cire duka na sari 'yan gwafa na dogon yaro, su ne suka kai ni ƙarshe.

Sai binnewa, wanda ni a ganina shi ne rabin aikin gaba ɗaya. Kabewa a kowace gaɓa tana iya fitar da saiwa, ɗaya ta ƙasa, in kuma ka rufe gaɓar da ƙasa mai laima wata ma tana fitowa ta sama ta lanƙwaso ta shiga. Ka ga ke nan maimakon tushe ɗaya ya riƙa ciyar da wannan ƙaton jiki, sai ya zama kana da baki ɗari suna sha. Yadda nake yi, ina jan ɗan rami mara zurfi da 'yar fartanya a gaban kan yaɗon, zurfin yatsu huɗu, shi da kansa zai bi ramin yana tafiya, bayan kwana biyu in dawo in cire jikan da ya ɓullo da ɗan zaren nan mai murɗewa da take kama abu da shi, da furen da ba na buƙata, sannan in rufe gaɓar da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki, in bar ganyen a tsaye a waje. Kan yaɗon kamar kamu biyu ba na rufe shi, shi ne mai tafiya. Binnewar nan tana kuma riƙe ta daga iska, in ta kafa saiwa ko guguwa ce sai dai ganye ya yi ta rawa. Ban taɓa taka cikin filin da ƙafa haka kawai ba, katako biyu na samo daga wajen kafinta ina shimfiɗawa ina bi ta kai, saboda saiwar nan sama sama take kuma ƙasa in ta danne ba ta numfashi.

A tsakiyar Disamba abin ya kai uwar tana ƙara kusan kamu ɗaya a kwana, ga 'ya'ya sun kai goma sha wani abu kowane yana gudu, in ka yi kwana uku ba ka zo ba sai ka rasa ta inda za ka fara. Kullum bayan na gama ban ruwan albasa nake shiga, wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, lokacin raɓa ta bushe. Yanka da hantsi ya fi, rana za ta busar da bakin ciwon kafin dare. Jikan in ka kama shi yana ƙarami kamar tsinken ashana da farce ma za ka tsinke shi ba ya barin tabo, in ka bari ya kai kaurin yatsa dole reza, kuma bakin yana zubar da ruwa. Ina ajiye ɗan gwangwani da ruwan Jik da aka sirka ina tsoma rezar, don cutar da ke murtuke ganye tana bin wuƙa daga wannan shuka zuwa waccan. Manyan yanka kuma ina barbaɗa musu tokar murhu mai sanyi. Su can garin farar wuta suke sawa, ni toka nake da ita kuma ta yi min aiki. A irin wannan hantsin ne Kawu ya same ni.

Yanzu ga abin da na rasa a shekarar farko. Furen mace ana gane shi tun yana ƙarami, akwai 'yar kabewa kamar goriba a ƙasansa, namiji kuwa dogon sili ne kawai. Wadanda suka fito kusa da tushe duk na cire, sai da uwar ta wuce mita 3 da rabi, bayanta akwai 'ya'ya da ganye isassu da za su ciyar, sannan na fara sa ido. Da na hango macen a can kan yaɗo tana kamar ƙwayar gyaɗa, tun lokacin na fara lanƙwasa uwar a hankali, kullum la'asar kaɗan kaɗan da gwafa, ina kauce da ita daga gefen da ɗan yake, har ta yi gwiwa kamar lauje, ɗan ya zama yana bayan gwiwar ta waje. Amfanin shi ne in ta yi girma kafaɗunta ba za su sami yaɗo a gabansu su tura ba, ya riga ya ba ta wuri, kuma akwai sassauci da za ta ja. Sannan gaɓa uku kafin ɗan da uku bayansa ban binne su ba kwata kwata.

Barbara da hannu na yi. Da yamma za ka ga furen da zai buɗe gobe bakinsa ya yi ruwan lemo, na ɗaure shi da zare, na ɗaure maza uku su ma. Ina idar da sallar asuba na hau mashin, sanyi yana ratsa ƙashi, gari na wayewa na kwance, na zare ganyen furen mazan ya rage silin mai gari, na goga a hankali a kowane ɓangare na cikin macen, na mayar na ɗaure. Ɗaurewar saboda ƙudan zuma ne, maƙwabcina yana da tasa kabewar a bakin rafi, in suka kawo garinta ba zai rage girman ta bana ba amma irin da zan ajiye zai iya gurɓata. Na yi wa mace uku haka cikin kwana tara, biyu a jikin uwa, ɗaya a reshe, don ba a dogara da ɗaya.

Duka ukun suka kama. Na karɓi tef ɗin ɗinki na maman yara ina auna kewayensu duk bayan kwana biyu ina rubutawa a bayan kwalin magani. Ta farkon ta fi girma don ta riga su, amma ta biyun ta fi sauri kuma wuyanta ya fi tsawo, ga shi ta zauna daidai a bayan gwiwa. Da suka kai girman ƙwallo na yanke shawara. Gaskiya hannuna sai da ya yi nauyi, kabewa lafiyayya sumul mai sheƙi ka sa mata wuƙa. Ban cire su rana ɗaya ba, ta reshen na fara cirewa, bayan kwana uku na cire ta farkon. Na kai wa Inna su ta ce "kai kuwa ɗan nan da ka bari sun nuna ai da an ci taushe har azumi". Na ce Inna ki yi haƙuri akwai babbar tana tafe.

Daga nan sai hidimar guda ɗaya. Na ɗaga ta na shimfiɗa buhu na zuba yashin rafi mai laushi a ƙarƙashi, yadda in tana faɗaɗa za ta riƙa zamewa kuma ruwa ba zai kwanta mata ba. Kullum la'asar ina ɗan matsa ta kamar faɗin yatsa ɗaya, ba fi ba, har sai da ta yi tsaye da yaɗon sosai kamar yadda reshe ke fita daga jikin itace, sati ɗaya da wani abu ya ɗauke ni. Gaɓoɓin nan da ban binne ba duk da haka biyu sun saki saiwa sun kama ƙasa, na sa reza ta ƙasa na yanke, na tallafe yaɗon da tsumma a kan bulo don ya riƙa tashi tare da ita. Duk bayan kwana biyu sai na sa hannu na ɗan girgiza yaɗon a wajen wuya in ji ko yana motsi, in ya yi tauri na san akwai abin da ya riƙe. Na yi mata 'yar rumfa da tsohon farin zanin gado, don rana tana sa fatar ta yi tauri da wuri, in ta yi tauri kuma ciki na ƙaruwa tsagewa take.

'Ya'yan da suka kai bakin fili, kamar mita 3 da ɗoriya, na yanke kansu na bar bakin ya sha iska kwana ɗaya sannan na tura cikin ƙasa. Uwar ma na bar ta ta ƙara mita 3 bayan kabewar na tsayar da ita. Daga lokacin babu sabon yaɗo, duk abin da ganye ya dafa wajen guda ɗaya yake tafiya, kuma a tef na gani, akwai satin da kullum sai ta ƙara abin da ido ke gani, ka bar ta da yamma ka zo da safe ka ga yashin gefenta ya turu.

Ruwa ban malala mata irin na albasa ba, 'yan hanyoyi na ja tsakanin layukan yana bi yana jiƙa ƙasa, tushen kuwa a bushe na bar shi. Ga tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023, kowane tayar da inji sai ka yi lissafi. Cutar nan ta farar ƙura mai kama da gari ta hau tsofaffin ganye a Janairu, na cire waɗanda suka lalace na yi feshi. In za ka cire ganye ka yanke shi dab da yaɗo, silinsa rami ne kamar bututu, in ka bar guntu ruwa zai taru a ciki ya ruɓar da gaɓar.

Inda na yi sakaci shi ne farkon Janairu, aikin albasa ya taso gadan gadan ga kuma rasuwa da aka yi mana a Bauchi na yi kwana shida. Kafin in dawo rassa huɗu na ƙarshe a gefen yamma sun yi nisa ba a binne ba, jikoki sun fito sun yi kauri. Na yanke jikokin amma binnewar sama sama na yi, na watsa ƙasa kawai na wuce.

Farkon Maris ta daina ƙaruwa, kwana biyar tef yana nuna abu ɗaya, fatar ta yi kaushi, zafi kuma ya fara. Na yanke ta da guntun yaɗo hagu da dama. Mu shida muka mirgina ta kan tamfol muka ɗora a a-kori-kura, muka kai sikelin masu sayen shinkafa, kilo 131. Mutane suka taru, yara suna shafawa, wani dattijo ya ce sai an fasa zai yarda ba a cusa komai a ciki ba. Aka fasa a ƙofar gida aka raba wa unguwa. Maganar gaskiya a miya ba ta kai tamu ta gida ba, ruwa ya yi mata yawa zaƙi kaɗan, Inna ta ce sai da ta ƙara gyaɗa sosai kafin taushen ya kama jikinsa. Na wanke iri na shanya a inuwa.

Washegari na koma lambu da fartanya don in share wajen, sai na ce bari in tono yaɗon a hankali in gani. Gefen gabas da na binne da kyau, kowace gaɓa saiwa biyu, farare masu kauri kamar igiyar guga, wata na bi ta fi tsawon hannuna ban kai ƙarshenta ba, sai da na sa ƙarfi kafin reshe ɗaya ya fita. Gefen yamma kuwa rassan nan huɗu da hannu ɗaya na ɗaga su, gaɓoɓin a bushe, 'yan saiwoyin sun fito kamar tsinke sun ƙone a iska ba su taɓa shiga ƙasa ba. Na ƙirga gaɓa talatin da ɗaya a haka. Na kira ƙanina na nuna masa biyun gefe da gefe, na ce bana in tafiya ta kama ni, ko albasa za ta jira, wannan ramin kai za ka riƙa ja kana rufewa duk bayan kwana biyu, zurfin yatsu huɗu. Ya tsuguna ya sa yatsunsa a ramin ya auna.